Ƙanina ya bar bet, mun biya masa bashi, yanzu kuma ya koma. Wai me yake mayar da su ne?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema, wanda kuma ya san zagi zai yi ya yi haƙuri ya wuce, zagin mun yi shi a gida har mun gaji bai gyara komai ba.

Ƙanina ne, cikinmu ɗaya, yana gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Yaro ne mai hankali wallahi, ba ya shaye-shaye, ba ya ɗaga wa babba murya, in ba a gan shi a masallaci ba to ba shi da lafiya. Bara muka gano ashe ya daɗe yana buga bet ɗin nan na ƙwallo a waya, kuma ba mu gano ba sai da abu ya lalace, ya sayar da wayoyin mutane da aka kawo masa gyara, masu ba da bashi ta waya kuma suka dinga tura wa duk wanda lambarsa take wayarsa saƙo wai ɓarawo ne, har surukata sai da aka tura wa. Hajiyarmu jininta ya hau aka kwantar da ita. Aka zauna, Yayanmu ya sayar da mashin ɗinsa, ni na kwashi adashena, aka biya kowa haƙƙinsa. Yaron ya yi kuka kamar ransa zai fita, ya dafa Alƙur'ani a gaban Kawu, ya goge komai a wayarsa muna kallo. Kuma ni na yarda ya bari da gaske, dan a watannin nan har ƙiba ya yi, ya koma makarantar dare, ya fara tara kuɗin lefe.

To satin da ya wuce wanda suke shago ɗaya ya kira ni ya ce Anti ki bincika, mutumin ya koma kwana da waya a hannu. Na tsare shi a ɗakina, bai musa ba. Kuɗin lefen babu ko sisi, kuma akwai sabon bashi. Ya ce min wani kwastoma ne ya biya shi kuɗi masu ɗan kauri ranar wata Talata, da daddare ana Champions Lig, ya ce bari ya sa dubu ɗaya kawai ya gani, kuma ya ci. Daga nan shi ke nan.

Abin da ya ɗaure min kai, ba lokacin da yake cikin matsi ya koma ba, babu mai bin sa bashi, babu mai yi masa gori, yana cikin kwanciyar hankalinsa. Mutumin da ya ga abin da cacar nan ta yi wa mahaifiyarsa da idonsa. Hajiya ta dage asiri aka yi masa, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Wanda ya san abin nan daga ciki ya gaya min, me yake jawo su su koma? Kuma mu sake biyan bashin ko mu ƙyale shi?

Abu Huzaifa:

Wa alaikumus salam. Allah ya shirya shi ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Baiwar Allah, haramcin caca ba ya buƙatar dogon bayani, aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya wuri ɗaya, kuma shi ma ƙaninki ya san wannan, ba jahilci ne ya mayar da shi ba. Abin da nake so ki isar masa guda biyu ne.

Rantsuwar da ya karya tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumi uku, ayar tana nan gab da ayar cacar, ta 89. Na faɗi haka ne dan na sha ganin samari in sun karya rantsuwa irin wannan sai su ɗauka Alƙur'ani ya riga ya ci su, sun halaka, to tunda an halaka a ci gaba kawai. Wannan tunanin daga Shaiɗan yake kuma ya fi faɗuwar farko illa. Ya yi kaffara, ya sake tuba, ƙofa ba ta rufe ba.

Na biyu, ki tuna hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cike na ɗari, da ya je wurin malami ba ce masa kawai aka yi ka tuba ba, ce masa aka yi ka bar garinku dan garin banza ne, ka tafi wurin mutanen kirki. Ƙaninki ya tuba amma ya zauna da layinsa, da wayarsa, da majalisarsa. A Bukhari da Muslim ma an ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca to ya yi sadaka, tun daga gayyatar aka tare abin. Maganar asiri kuma, a yi azkar a yi addu'a wannan kullum alheri ne, amma kar a kwashi kuɗi a kai wa wani ya ƙara muku asara a kan asara.

Ɗan Kurna:

Anti sannu, Allah ya ba ku lada. Ni na yi shekaru a harkar nan, na bari na koma ba sau ɗaya ba kafin Allah ya taimake ni, dan haka bari in gaya miki abin da ƙaninki ba zai iya buɗe baki ya gaya miki ba saboda kunya.

Kin ce yana cikin kwanciyar hankali ya koma. A ido ne kawai. Ki tuna duk safiya yana ganin Yaya ya fito bakin titi yana jiran adaidaita sahu, mutumin da a da yake da mashin ɗinsa. Ku kun yafe kun ce ya wuce, shi kuwa bai wuce masa ba, mashin ɗin nan da adashenki suna zaune a ƙirjinsa dare da rana. In ya lissafa abin da yake samu a canjin sikirin da cajin fot zai ga sai ya daɗe bai haɗa kuɗin mashin ba, ga lefe a gaba, sai wata murya ta ce masa ai tikiti ɗaya ne, ka haɗa odd 300, wato in ka ci a ninka maka kuɗinka sau 300, ka sa dubu biyar, gobe ka turo sabon mashin ƙofar gida kowa ya san kai ba ɗan asara ba ne. Wallahi Anti mafi yawan komawar da na yi da niyyar kirki na koma, niyyar in biya mutane in wanke kaina. Mai caca ba ya ɗaukar kuɗin da ya rasa a matsayin sun tafi, gani yake ajiya ya ba kamfani kuma wata rana zai je ya karɓo.

Sannan akwai abin da mu muke yi wanda ba kwa gani. Mutum ya bar bet amma bai bar bugawa a kansa ba. Ranar Asabar yana zaune a gidan kallo ko yana duba sakamako a waya, a zuciyarsa ya riga ya zaɓi wasa shida, bai sa ko kwabo ba, in suka shigo duka sai ya ji kamar an yi masa sata, ya ce da na buga da yanzu ina da dubu ɗari biyu. Satin da zaɓin nasa bai shigo ba kuwa ba ya tunawa, mantawa yake. A haka a haka sai ya tara hujja a kansa cewa yanzu ya gane ƙwallo, da can ne yake gaggawa. Garwashin yana nan cikin toka, ku kuna ganin wuta ta mutu. Ranar da kuɗi suka shigo hannunsa babu wanda ya sani, ga wasa da daddare, to an gama. Ki lura da labarin da ya ba ki, kuɗin kwastoma ne da ba ku san da su ba. Ni duk faɗuwata ranar alat ce, ban taɓa faɗuwa ranar da aljihuna yake wayam ba.

Cin da ya yi a dubu ɗayan nan shi ne babbar musibar. Da ta faɗi wataƙila da ya tsorata ya ja da baya. Amma da ya ci, sai ya ce ai wannan kuɗin kamfani ne ba nawa ba, bari in juya su, in sun tafi ban yi asara ba. Suka tafi, ya bi su da dubu biyar tasa dan ya dawo da su, daga nan kuma ba ƙwallo yake bugawa ba, ramuwa yake. Mai ramuwa ba ya jiran Asabar, zai buga lig ɗin ƙasar da bai san inda take a taswira ba ƙarfe uku na dare, in babu wasa ya koma wa na kwamfuta ko wasan jirgin nan da yake tashi.

Sai waya. Ya goge manhajar bet amma lambarsa tana wurin kamfanonin, ana turo masa tes wai an ba ka bonas ka dawo, yana cikin guruf na Telegram da WhatsApp inda ake turo kod na wasannin da za a buga da hoton tikitin wanda ya ci miliyan, babu mai turo hoton wanda ya faɗi. A majalisa wani zai ce kai mutumina duba min wannan gem ɗin kai ka san Laliga, ba ce masa aka yi ya buga ba, shawara aka nema, amma daɗin a ce kai masani ne kaɗai ya isa ya tayar masa da tsohon ciwo. Kuma gyaran waya yake, wayoyi ne a gabansa tun safe har magariba.

Ni abin da ya taimake ni, na canza layi gaba ɗaya, na koma ƙaramar waya mai maɓalli na tsawon lokaci, katin ATM ɗina yana hannun babban wana, kuma na haƙura da kallon ball kaka guda cur duk da son da nake wa Arsenal. Wannan na ƙarshen ya fi komai wuya, ranar wasa ji nake kamar zazzaɓi, sai in tafi Kofar Wambai in taya wani abokina zaman shago har a tashi.

Baba Sule Gwammaja:

Maman Ilham ku yi masa aure kawai. Yaro in ba shi da nauyi a kansa dole ya yi wasa da kuɗi. Ranar da ya ga cefane da kuɗin haya da kansa zai nutsu. Ku haɗa masa lefen a wuce wurin, Allah ya rufa asiri.

Ummu Khalil:

Baba Allah ya ƙara girma, amma dan Allah a bar maganar auren nan tukunna. Ni aka yi wa haka. Dangin mijina sun san yana yi, suka rufe suka ce in ya yi aure zai bari, ni ban sani ba sai da na ga babu sarƙata ta gwal a cikin durowa. Nauyin iyali bai sa ya bari ba, ƙara masa dalili ya yi. Duk lokacin da haya ta kusa ƙarewa, ko sallah ta matso babu kayan yara, ko na kusa haihuwa ana maganar ragon suna, to a lokacin yake komawa, dan a lissafinsa dubu ashirin ɗin da take hannunsa ba za ta isa ba, gara ya gwada ta zama ɗari biyu. Ta tafi, a rasa duka.

Wani abin da na lura da shi Maman Ilham, faɗa. In muka yi sa'insa da shi, ko maigidansa a kasuwa ya ci masa fuska a gaban mutane, ba ya magana, sai ya shige ɗaki ya ja bargo da waya. Daga baya da muka samu fahimtar juna ya ce min in yana bugawa ba ya jin komai, baƙin cikin ma ba ya jin sa, kansa yana kan minti nawa ya rage a tashi wasa. Kin ga wani lokacin ba kuɗin ma yake nema ba, wurin ɓuya yake nema. Har na gane alamominsa, in ya fara shiga banɗaki da waya ya daɗe, in ya kifa ta a ƙasa da na shigo, in ya cika fara'a da kyauta babu dalili yau gobe kuma ya wayi gari ba ya son ko motsin yara, in barci ya ƙaurace masa.

Yanzu alhamdulillahi da sauƙi sosai. Kuɗin haya da na makaranta ranar da suka shigo ake tura su inda za su, ba sa kwana a asusunsa, alat ɗinsa kuma yana shigowa wayata da yardarsa. Kuma na daina yi masa gorin abin da ya wuce, dan na ga duk ranar da na tuna masa sarƙar nan to a daren sai ya taɓa. Yarinyar da ƙaninki yake nema tana da haƙƙin a gaya wa iyayenta gaskiya kafin a sa rana, kar a yi mata abin da aka yi min.

Abban Nana:

Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma abin da Ɗan Kurna da Ummu Khalil suka faɗa shi ne muke gani, sun ma fi mu iya faɗa. Zan ɗan ƙara abin da bincike ya nuna ko Hajiya za ta samu nutsuwa kan maganar asiri.

Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da matsalar caca cikin rukuni ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta a matsayin cuta ta jaraba. Dalili shi ne hanyar da ƙwaya take bi a ƙwaƙwalwa ita caca take bi, wato sinadarin dofamin, kuma abin da ya fi motsa shi rashin tabbas ne, wannan zaman jiran za a ci ko ba za a ci ba. Har akwai magungunan cutar karkarwa ta Parkinson masu aiki a kan wannan sinadarin da aka tabbatar suna sa wasu dattawan da ba su taɓa caca ba su fara, in an rage maganin su daina. Kin ga abu ne da yake da mazauni a jiki.

A Calgary ta ƙasar Kanada an bi mutum 101 da suka yanke shawarar barin caca har tsawon shekara guda, aka wallafa sakamakon a 2004. Kashi 8 cikin 100 ne kawai suka kai ƙarshen shekarar ba su taɓa ba ko sau ɗaya. Da aka tambayi sauran me ya mayar da su, amsar da ta fi yawa ita ce jin cewa wannan karon za su ci, sai kuma buƙatar samun kuɗi. Ban kawo wannan dan in karya miki gwiwa ba Maman Ilham, na kawo ne dan ki san komawar ƙaninki ba ta nufin kukan da ya yi na ƙarya ne. Haka ciwon yake, kuma da yawa daga waɗanda suka rabu da shi sai da suka faɗi a hanya.

Sai maganar saura ƙiris. A jami'ar Cambridge a 2009 an sa mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna buga wasan caca, aka ga in mutum ya kusa ci bai ci ba, wuraren da suke kunnuwa in an ci su ma suna kunnuwa, kuma sha'awar ya sake bugawa tana ƙaruwa. To wannan shi ne gem ɗaya ya yanke min tikiti da kike ji samari suna faɗa in sun jera wasanni duk suka shigo ban da ɗaya. Asara ce cikakkiya, amma ƙwaƙwalwa tana karɓar ta kamar albishir.

Abin da Malam Abu Huzaifa ya faɗa game da karya rantsuwa ma masana sun daɗe da lura da shi, wani masani Alan Marlatt ya yi rubutu a kai tun wajen 1985. Zamewa ɗaya ba ita take kai mutum ƙasa ba, abin da ya gaya wa kansa bayan zamewar ne, in ya ce ni dama ba zan gyaru ba to sai ya saki jiki gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi cutar ƙaninki shi ne tsakanin daren Talatar nan da ranar da kika tsare shi babu mutum ɗaya da zai iya zuwa ya ce masa na taɓa. Ya dafa Alƙur'ani a gaban Kawu, da wane ido zai dawo? Sai ya ɓoye, ya yi ta ƙoƙarin cike ramin kafin a gani, ramin yana ƙara zurfi. Da asarar dubu biyar ce aka ji da wuri da ba a kai ga kuɗin lefe ba. Ku ba shi mutum ɗaya a gidan, ke ko wani, da alƙawarin in ya zo ya faɗa a ranar ba za a tara masa dangi ba.

Sha'awar kuma in ta taso ba ta dawwama, hawa take ta kai ƙololuwa ta sauka, in ya samu abin da zai riƙe shi na ɗan lokaci, ya fita daga ɗakin, ya miƙa wa wani wayar, ya yi alwala ya tafi masallaci, za ta lafa. Akwai manhaja kyauta mai suna BetBlocker da take toshe shafukan caca a waya, sai dai shi mai gyaran waya ne, kar a dogara da ita kaɗai. Ku kai shi ya ga likita, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, ba sai mutum ya haukace ake zuwa ba, sau da yawa akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin cacar da yake buƙatar nasa maganin. Kuma dan Allah ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, kar ki ji nauyi. Masu bashin caca suna cikin waɗanda wannan tunanin ya fi zo wa, tambayar ba ta sa wa mutum shi, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, a ranar za ku tafi asibiti.

Sani Brigade:

Ni na taɓa zama kashiya a wani shagon bet, Allah ya yafe mana, bari in ba da lissafi ɗaya a nuna wa yaron tunda mai gyaran waya ba zai kasa gane lissafi ba. A ce ka zaɓi wasa 10 kuma kowanne kana da tabbacin kashi 70 cikin 100 zai shigo, wanda ma da wuya ka samu haka. Damar duka goman su shigo ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Damar tara su shigo ɗaya ya yanke kuwa kashi 12 ce. Wato gem ɗaya ya yanke ya ninka cin sau huɗu, ba rashin sa'a ba ne, ba kuma alamar ka kusa ba ce, haka aka gina abin. Ko wasan da yake rabi da rabi in ka duba za ka ga an ba ka odd 1.90 nan 1.90 can maimakon 2.00, ma'ana a duk naira 100 da aka zuba kamfani ya riga ya cire wajen naira 5 kafin a busa usur, in ka jera wasa goma kuma ka jera wannan yankan sau goma.

Abin da na gani da idona, waɗanda suka yi rantsuwa sun bari sun fi dawowa a watan Agusta in an dawo Firimiya, da ƙarshen wata, da kuma ranar da labari ya zaga unguwa wai wane ya ci miliyan. Ranar irin wannan layi har waje. Kuma mai dawowa ba ya shigowa kai tsaye, zai tsaya bakin ƙofa ya ce waje na zo caji, ko sakamako kawai zan duba, ya ɗauki tikitin da wani ya yar a ƙasa yana karantawa, kafin a jima ka ji ya ce buga min na ɗari biyu.

A 2024 Hisba ta rufe shaguna da dama a Kano, kuma a Nuwambar shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 ta ce hurumin jihohi ne. Rufewar ta rage wa yara ƙanana masu shiga da kuɗin tara, wannan gaskiya ne. Amma irin su ƙaninki shagonsu yana aljihunsu, daga asusun banki zuwa bet ko minti ɗaya ba a yi, babu kashiyan da zai kalle ka ka ji kunya. Dan haka ni a ganina kuɗin za a tsare, ba yaron ba.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri, wallahi ina karantawa ina hawaye. Ɗan Kurna maganar mashin ɗin nan kamar kana gidanmu, jiya da daddare na tambaye shi ya sunkuyar da kai ya ce Anti kullum na ga Yaya a ƙasa ji nake kamar in nutse. Abban Nana na yi masa tambayar, ya ce tunanin ya taɓa zo masa amma ba yanzu ba, duk da haka mun shirya zuwa asibiti ranar Litinin ni da shi. Ummu Khalil maganarki ta shige ni, za a dakatar da maganar auren kuma Kawu zai je ya samu iyayen yarinyar. Saura tambayata ta biyu babu wanda ya amsa min kai tsaye, bashin nan fa? Akwai na wani maƙwabcinsu a kasuwa, akwai kuma na masu manhajar ba da bashin nan da suka fara kira.

Ɗan Kurna:

Anti kar ku biya masa a dunƙule, kuma kar ku ba shi kuɗi a hannu ya je ya biya. Ku zauna ya rubuta duka a takarda, har wanda yake jin kunyar faɗa, dan kullum akwai guda ɗaya da ake ɓoyewa kuma shi ne yake mayar da mutum. Maƙwabcin nasa ku je tare da shi da Yaya a roƙe shi a tsara biya duk sati daga abin da yaron yake samu, cinikin ranar ya dinga shiga hannun abokin shagonsa ko naki, a bar masa na abinci da na mota. Na manhaja in kuɗin ruwan yana hawa kullum za ku iya rufe shi ku da kanku kai tsaye, amma a rubuta bashi ne a kansa zai biya ku. Ku riga su sanar da dangi da surukai cewa za a iya turo saƙo, in kowa ya sani barazanar ta rage ƙarfi.

Mashin ɗin Yaya ma a sa shi a takardar. Ko dubu biyu ce duk Juma'a ya dinga kai wa Yaya da hannunsa, kuma a roƙi Yaya kar ya ce ya yafe, ya karɓa ya rubuta. In kin yarda ki turo min saƙo ta ciki in ba ki lambata ki ba shi, daren Talata da Laraba da yammacin Asabar ya dinga kirana.